Igiyar Sirdin Gwaggo

Gwaggo ta ja iska ta cika cikinta fam, ta tsaya tana kallon bangon barga kamar ba ita ba. Orval Teague ya riƙe igiyar sirdi a hannu, ya jingina kafaɗarsa da haƙarƙarinta, ya ce, "Yi abinki. Ni ba inda za ni."

Wannan wasa ya daɗe tsakaninsu. Tun tana 'yar budurwar goɗiya a Montana, duk safiyar Allah in ya ɗora mata sirdi sai ta kumbura ciki, don in ya ɗaure igiyar a haka, tana sakin numfashi igiyar ta yi sako-sako. Shi kuwa ya san halin kayarsa. Sai ya tsaya yana fito, har numfashi ya ƙare mata ta saki da wani dogon huci, nan take ya ja igiyar ya ɗaure tamau. Ba ta taɓa cinsa ba, ba ta kuma taɓa fasa gwadawa ba. Yau ma hakan aka yi. Ta huce, ya ja, ta waiwayo ta galla masa irin hararar da ta sa ya raɗa mata wannan suna, don wata ƙanwar ubansa ce kaɗai ya sani da irin wannan kallon.

"Har yanzu ba ta gaji ba?" Dewitt ne ya leƙo daga ɗaya gefen, yana goge wa ingarmansa baya. Tare suka yi kiwo, tare suka sauko Kalifoniya lokacin da masu gonaki suka zagaye daji da waya, aikin kora shanu ya mutu.

"Ranar da ta gaji, ka tabbata ba lafiya," in ji Orval.

"To Allah ya ba ku sa'a yau, kai da tsohuwar. Na ji an ce har hoda za a shafa maka."

"Wa ya ce?"

"Matarka. Tun jiya take dariya ita kaɗai a bakin keken ɗinki."

Orval ya juya ya ci gaba da gyara linzami. Gaskiyar magana, aikin nan na kamfanin fim bai taɓa damunsa ba. Da safe ka sa baƙar malafa ka zama ɓarawon shanu, ku zagaya tsaunin bayan gari a guje. Bayan abinci ka sa farar malafa ka zama mai bin ɓarayin, ku sake zagaya tsaunin. Sau da yawa ma mutum kansa yake kora bai sani ba, sai ranar da aka haska fim ɗin. Ga wake da nama a kan lokaci, ga gado mai rufi, ga dawaki suna cin hatsin kamfani. Mutumin da ya kwana cikin ƙanƙara yana gadin shanun wani, me zai ce da wannan in ba godiya ba?

Abin da ya hana shi sakat shi ne maganar da Pomeroy, daraktan kamfanin, ya yi a farkon mako. Sababbin dawaki na nan tafe a jirgin ƙasa, matasa masu gudu, barga kuma ba ta da fili. Duk dabbar da ba ta fitowa a fim sai ta ba da wuri. Gwaggo kuwa an daɗe da daina sa ta a tsere, don kullum ita ce ta ƙarshe, har hoton yakan ƙare ba ta iso ba. Tasa ce, ba ta kamfani ba, amma shi da matarsa Lavinia ɗaki guda suke haya a saman shagon aski, ina za su kai goɗiya? Shekaranjiya har wani mutum ya zo daga wurin gasa bulo, ya buɗe mata baki yana duba haƙora, ya ce za ta iya jan amalanke ko da shekara guda ce. Orval ya kalle shi kawai, mutumin ya ja jiki ya fita.

Lavinia ce ta samo dabara. Ita ke ɗinka wa kamfanin kayan wasa, saboda haka ba abin da ke wuce kunnenta. Ɗan wasan barkwancinsu ya gudu wani kamfani, ga kuma fim ɗin ban dariya da aka yi alkawarin aikawa Chicago. Ta tare Pomeroy ta ce ya dubi Gwaggo da kyau: baya ya lotsa, leɓe ya zubo, kunne ɗaya a kwance. Ina zai samu dabbar da ta fi wannan ban dariya? Pomeroy ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce to. In ta sa mutane dariya, ta zauna. In ba ta sa ba, kada a sake kawo masa maganarta.

Matsalar ɗaya ce. A cikin fim ɗin dole mahayin ya faɗo daga kan doki. Orval Teague kuwa, daga Montana har bakin teku, an san shi da abu guda: tun da ya girma, ƙasa ba ta taɓa ganin bayansa ba.

A ɗakin ɗinki Lavinia ta cusa shi cikin wata kwat mai zane-zanen dara wadda hannunta bai kai wuyan hannunsa ba, ta ɗora masa wata 'yar ƙaramar hula kamar murfin tukunya. Ta lakato man shafe-shafen 'yan wasa, rawaya, ta shiga mulka masa a fuska.

"Wannan kuma na mene ne?"

"In ba a shafa ba, a hoto fuskarka baƙi ƙirin za ta fito kamar gindin tukunya. Daina motsi, Maigida."

"Uwargida, da kika aure ni haka kika gan ni?"

"Da na aure ka kana warin shanu, ban gudu ba. Rufe ido." Ta zana masa gira da gawayi, ta ja da baya ta dube shi, ta cije leɓe. Kafaɗunta suka soma rawa.

"Yi dariyarki, kada ta kashe ki."

"Ba dariya nake ba, tari ne." Ta gyara masa wuyan kwat, muryarta ta sauka. "Faɗuwa ɗaya ce, Orval. Ruwa ne a ƙasa, ba dutse ba. Na ma sa an zuba na zafi a ciki saboda ƙugunka."

"Ba ƙuguna ke damuna ba."

"Na sani," ta ce.

Titin da ake ɗaukar fim ɗin yana bayan tashar jirgi. Shaguna ne reras, ga wurin shan giya, ga ofishin ɗan sandan gari, amma duk fuska ce kawai ta katako, an tokare ta baya da sanduna. In ka buɗe ƙofar banki, gonar kabeji za ka faɗa. A gaban shagon da ke tsakiya aka ajiye dogon komin shayar da dawaki, cike da ruwa. Can gefe Anselm, Bajamushen da ke ɗaukar hoto, ya kafa kyamararsa a kan ƙafafunta uku, ya juya hularsa baya, yana kallon rana yana kallon inuwa.

Pomeroy gajere ne mai ƙaton murya, wanda bai taɓa hawa ko jaki ba. Ya ja Orval gefe ya yi masa bayani da hannu da ƙafa.

"Labarin ba wuya, dattijo. Kai baƙo ne daga birni, ba ka san komai ba sai cika baki. Kana son mai shagon nan, bazawara ce. Ga ta can, Corliss. Za ka taho a sukwane don ka burge ta, ka ɗaga hula, ka rusuna mata daga kan doki, sai ka zarce cikin ruwa. Ita kuma ta auri ɗan sanda. Shi ke nan."

"Ranka ya daɗe, me zai sa in faɗi?"

"Don ba ka iya hawa ba mana."

Kaboyi, mahayan kamfanin da ke zaune a kan shinge, suka fashe da dariya. Dewitt ya ce, "Yallaɓai, a hankali dai. Yau ka faɗi abin da ba a taɓa faɗa ba."

Aka ja layi da alli a ƙasa don kowa ya san inda hoto ya tsaya. Anselm ya kama hannun kyamarar ya soma murɗawa, yana ƙunƙunin wata waƙar garinsu ta hanci, don da ita yake auna juyin hannunsa kada ya yi sauri ko ya yi nawa. Pomeroy ya kwatsa, "Taho."

Orval ya taho. Gwaggo ta yi iya ƙoƙarinta, ta kawo shi gaban shago da 'yar sassarfa. Corliss ta fito bakin ƙofa, ta dafa ƙirji, ta lumshe ido kamar wadda ƙauna ta kama. Da yake ba abin da ke shiga kyamara sai hoto, kowa abin da ya ga dama yake faɗa. "Baba Orval," ta ce, tana wani fari da ido, "haƙorin nan ya hana ni sakat tun jiya. Wai da gaske kanumfari na magani?"

"Ki haɗa da ruwan gishiri," in ji Orval, ya ɗaga 'yar hularsa.

"Rusuna," Pomeroy ya yi ihu. "Ƙara. Yanzu faɗi."

Orval ya karkata hagu, ya saki jiki wajen komin. Sai Gwaggo ta ɗan gusa hagu, taku guda, ta shiga ƙarƙashinsa. Ya samu kansa zaune daram a tsakiyar sirdi, da hula a hannu.

Anselm ya daina waƙa. Pomeroy ya ce, "Me ya faru?"

"Ta tare ni."

"Wa?"

"Goɗiyar, ranka ya daɗe."

Aka sake. Ya karkata sosai har yana ganin fuskarsa mai rawaya a cikin ruwan, Gwaggo ta sake gusawa ta ɗauke shi. Aka juya ta ɗaya ɓangaren, ta gusa dama. Ba laifinta ba ne. Haka rayuwa ta koya mata. Ta sha ɗauko shi yana gyangyaɗi bayan kwana biyu ba barci, ta sha kawo shi gida da zazzaɓi yana layi a kanta, in ya yi nan ta bi shi, in ya yi can ta bi shi. Yanzu rana tsaka a ce mata ta bar shi ya faɗi, saboda wani gajere yana ihu?

Pomeroy ya sa aka harba bindiga a bayanta ko ta zabura. Ko kunnen nan nata mai lafiya ba ta ɗaga ba. Ya sa wani ya kaɗa mata bargo a fuska, ta kama bakin bargon ta soma tauna. 'Yan kan shinge kam sun sha dariya har da riƙe ciki, amma ba irin dariyar da ake iya aikawa Chicago ba ce. Anselm ya buɗe gefen kyamararsa ya duba, ya ce zaren fim na tafiya a banza, kuma rana in ta faɗa bayan tsauni shi ba ruwansa.

Pomeroy ya cire hularsa ya share gumi. Ba mugun mutum ba ne, shi ma akwai na sama da shi. "Dattijo, na yi iya yina. A je a ci abinci. In an dawo zan ba ku dama ɗaya saboda darajar matarka. In ba ta yiwu ba, a kawo ingarman Dewitt, a sa wani yaron ya yi faɗuwar. Goɗiyar kuma ka san maganar da muka yi."

Aka sauke wa dawaki sirdi, aka kai su inuwar bishiyoyin bakin rafi. Mutane suka jeru a dogon tebur, ɓarayi da 'yan sanda da bazawara, ana miƙa wake da burodin masara da gahawa. Orval ya ɗauki kwanonsa ya koma gindin bishiya kusa da Gwaggo. Dewitt ya biyo shi ya tsuguna.

"In faɗa maka gaskiya, mutumina?"

"Ko na ce a'a sai ka faɗa."

"Ba ita kaɗai ba ce. Ina kallon ƙafafunka. Kanka na son faɗuwa, gwiwoyinka sun ƙi. Kana karkatawa suke matse ta kamar za su fasa mata haƙarƙari."

Orval ya dubi gwiwoyinsa kamar na wani. Ya san gaskiya ne. Ya yi niyya har ga Allah, amma jikin da ya shekara da shekaru yana koyon zama ba ya mantawa a wuni guda. Muddin sirdin nan na zaune a bayanta, shi ma yana zaune.

Muddin sirdin na zaune. Ya ajiye cokali.

A wajen mutanensu, doki ya kayar da kai ba abin kunya ba ne. Dokin da bai san linzami ba yakan yar da kowa, a yi dariya, a karkaɗe maka ƙura, a manta. Abin da ba a mantawa shi ne sirdi ya juye da mutum. Wannan ba ƙarfin doki ba ne, sakacinka ne, ka nuna ba ka iya abin da ake koya wa yaro ranar farko ba. Akwai wani a Montana, gwanin jifa da igiya, wanda sirdi ya juye da shi sau ɗaya tak a gaban mutane. Har ya tsufa ya mutu ba wanda ya sake kiransa da sunan yanka. Orval kansa ya sha ba da labarin a bakin wuta, yana kwaikwayon yadda ƙafafun mutumin suka yi sama.

Lavinia ta zo da yankin kek ɗin tuffa a faranti, ta zauna a kan saiwar bishiyar. Dewitt ya ga haka ya tashi ya ba su wuri.

"Ka yi shiru da yawa," ta ce.

"Uwargida, fim ɗin nan har Montana zai je?"

"Ko'ina yana zuwa. Duk garin da ke da farin ƙyallen haska fim da mai kaɗa fiyano."

"Su tsoho Harlan, abokan kiwonmu na da, za su gani ke nan."

"In idonsu na gani ba. Rabinsu sun mutu, rabin kuma suna zaune a teburin can suna cin wake." Ta miƙa masa farantin. "Ni dai ba zan ce ka yi ko kada ka yi ba. Sunanka ne, kai ka san wahalar da ka sha kafin ka same shi. Amma na san wanda zai kasa barci in ya ji amalanken bulo na wucewa ta ƙarƙashin tagarmu."

Ya karya kek ɗin biyu, ya ci rabi, ya miƙa wa Gwaggo rabi a tafin hannu. Leɓenta mai laushi ya share hannun tas. Yana son sunan nan nasa, ba ƙarya. Ba shi da gona, ba shi da ɗa, ba shi da ko saniya guda bayan duk dubban da ya kora. Sunan ne kaɗai abin da ya tara. Ya daɗe yana kallon furfurar da ta fito mata a kewayen ido.

Da aka buga ƙarfen komawa aiki, kaboyi suka taru a inuwar suna ɗaura sirdi. Orval ya shimfiɗa bargo a bayan Gwaggo, ya ɗora sirdi, ya zuro igiyar ta ƙarƙashin cikinta. Ta ja iska ta kumbura fam, ta kafa wa wata bishiya ido.

Bai jira ba. Ya ɗaure igiyar a kan kumburarren cikin, ya ƙulle.

Gwaggo ta riƙe numfashin na ɗan lokaci, tana jiran a fara wasan. Da ta ji shiru ta saki. Igiyar ta yi sako-sako har mutum na iya zura hannu. Ta waiwayo ta dube shi, kunnuwan nan biyu duk a tsaye, har da malalacin.

"Kai, Orval," in ji Dewitt, "ka manta ba ka..."

"Ban manta ba."

Sauran ma duk sun gani, don ba mahayin da zai ga igiya a haka idonsa ya wuce. Ba wanda ya yi dariya. Wani ya sunkuyar da kai yana gyara linzamin da ba abin da ya same shi.

Orval ya ja Gwaggo har bakin layin alli, ya taka wani akwati ya hau a hankali don kada sirdin ya juye tun ba a fara ba. Rana ta soma karkata, inuwar banki ta kusa taɓa komin. Anselm ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama murɗawa, waƙar hancinsa ta tashi.

"Taho," in ji Pomeroy.

Suka taho. Orval ya zauna tsakiya cak kamar mai ɗauke da ƙwai, yana jin sirdin na rawa a ƙarƙashinsa. Corliss ta fito ta dafa ƙirji. "Na gwada ruwan gishirin," ta ce cikin shauƙi, "wallahi ƙara min ya yi."

"To sai a cire shi," in ji Orval. Ya ɗaga hula, ya zuba duk nauyinsa a kan likkafar hagu, ya rusuna.

Gwaggo ta gusa ta tare shi kamar kullum. Gwiwoyinsa suka matse kamar kullum. Amma wannan karon abin da suka matse ɗin ne ya tafi da shi. Sirdin ya sulale, duniya ta juye, ya ga sama, ya ga ƙafafunsa sun miƙe can sama da dogayen takalmansa, sai ruwa ya rufe shi. Na zafin da Lavinia ta sa aka zuba tun safe ya daɗe da hucewa.

Ya ɗago kai yana furzar da ruwa, rawayan fenti na gangarowa ta gashin bakinsa. Wani doki in sirdi ya koma masa ƙarƙashin ciki, haukacewa yake ya yi ta harbi har ya farfasa komai. Gwaggo ko motsi ba ta yi ba. Ta tsaya da sirdi rataye a ciki, likkafu na jan ƙasa, tana kallon wurin da ya kamata a ce yana zaune. Sannan ta juyo a hankali ta same shi a cikin komi. Ta sunkuyo ta shinshina kansa, ta shinshina ƙirjinsa, ta kama wuyan kwat ɗin da haƙora ta ja. Ɗinkin ya ɓarke, Orval ya koma cikin ruwa ya sake nutsewa, ita kuma ta tsaya da wuyan kwat a baki tana duban Corliss kamar ita ta jawo.

Corliss ta manta da ƙauna, ta manta da haƙori, ta zauna daɓas a bakin ƙofa tana dariya har da hawaye. Pomeroy na tsalle yana cewa, "Kada ka tsaya, Anselm, kada ka tsaya." Anselm kuwa waƙarsa ta koma wani irin kuka, kafaɗunsa na girgiza, amma hannun nan bai canza juyi ba har zaren ya ƙare.

Pomeroy da kansa ya miƙa hannu ya jawo Orval waje, har ya jiƙa takalmansa. "Dattijo, ashe haka kake ka ɓoye mana? Wa ya koya mata jan kwat ɗin nan?"

"Ba wanda ya koya mata, ranka ya daɗe."

"A ba ta ɗaki mafi kyau a bargar. Wanda ke kusa da ƙofa, mai iska. Duk mako za mu yi guda, kai da ita. Gobe ma akwai faɗuwa, a cikin kwandon ƙwai. Yadda ka yi yau ɗin nan, haka nake so, sirdi da komai."

Kaboyi suka sauko daga kan shinge. Orval ya tsaya ruwa na ɗiga daga jikinsa, yana jiran abin da ya san zai zo. Dewitt ya iso da bargon doki ya yafa masa a kafaɗa, ya zagaya shi yana dubawa.

"Jama'a," ya ce, "na yi shekaru ina addu'ar Allah ya nuna min tafin takalmin mutumin nan kafin in mutu. Ashe ma hujajje ne."

Aka kwashe da dariya, wannan ya buga masa baya, wancan ya miƙo masa taba. Kafin a watse har sun raɗa masa suna, Kifi, kuma ya san shi ke nan, da shi za a binne shi. Ya saurari zuciyarsa ya ji inda ke ciwo. Akwai ciwon kam, amma bai kai yadda ya zata ba. Ƙugunsa ma ya fi damunsa.

Lavinia ta kawo masa busassun kaya, ta goge masa fuska da tsumma a bayan bankin, cikin kabeji. Da ta gama ta ɗan ja masa gashin baki, abin da rabonta da yi tun suna Montana.

Da la'asar, bayan kowa ya watse, ya kai Gwaggo rafi ta sha ruwa, ya goge mata baya da ciyawa, ya duba ko igiyar ta goge mata fata. Ba abin da ya same ta. Hasken yamma ya kwanta a kan tsaunin da suka sha zagayawa, jirgin ƙasa na kuka can nesa, wataƙila ma shi ne mai kawo sababbin dawakin. Su zo, akwai wuri.

Ya shimfiɗa bargo, ya ɗora sirdi don su koma barga. Ya zuro igiyar, ya jingina kafaɗarsa da haƙarƙarinta, ya soma fito.

Cikinta bai motsa ba.

Ya ci gaba da fito, ya kai ƙarshen waƙar, ya sake ɗaukowa daga farko. Gwaggo ba ta kalli bishiya ba, ba ta kalli tsauni ba. Ta juyo da kai tana kallon hannunsa, ta fitar da sauran iskar da ke cikinta a hankali, ta tsaya a haka tana jira ya ɗaure.

"Haba, Gwaggo," ya ce. "Yau fa ke kika ci. Kumbura mana."

Ta ƙi.

"To gobe da me za mu faɗa cikin ƙwan mutane?"

Ta sa hanci ta ɗan ture gwiwar hannunsa wajen igiyar. Orval ya yi gyaran murya, ya dubi hagu da dama ko akwai mai ganinsa. Ba kowa sai su biyu. Ya ƙara jira kaɗan duk da haka, ko za ta canza shawara. Sannan ya ja igiyar ya ɗaure tamau.